Karfasa a Zauren Alhaji Bukar

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da rabin abin da aka koya mini a makaranta, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe zauren Alhaji Bukar ba. Ni na zana zauren nan da hannuna, kuma ni ne mutum na farko da ya tona wa asiri.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, kada ku ɗauka wani babba ne. Zanen gine-gine na karanta, ina da ɗan ofis a Haɗeja wanda in mutum uku suka zo sai ɗaya ya jira a waje. Aikina bai wuce zana shaguna da gidaje masu ɗaki biyu da falo ba. Mutane na ce mini Injiniya, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba (wa zai ƙi?). A duk karatuna zango ɗaya tak muka yi a kan yadda sauti ke yawo a cikin gini: yadda murya ke dukan bango ta dawo, yadda siminti mai santsi ke mayar da ita, tabarma da labule kuma su shanye ta. Da kyar na ci jarrabawar. Amma tun daga lokacin duk ɗakin taron da na shiga sai na tafa hannu sau ɗaya, na ɗaga kai sama, na girgiza shi cikin takaici, don dai a san akwai masani a wurin.

Alhaji Bukar kuwa mahaifin Falmata ne, yarinyar da na fi shekara ina nema. Malamar asibiti ce a Haɗeja, gidansu yana wani ƙauye gaba da Guri. Ita ta yarda. Hajiya mahaifiyarta ta yarda. Saura kalma uku daga bakin Alhaji: ka turo magabatanka. Kalmomin nan uku su na yi ta bi kamar mai bin ruwa a rani. Duk wata sai na je na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi, ya dube ni ya amsa da gaisuwar yarensu, "Wushe, Injiniya, ya mutanen Haɗeja?" Shi ke nan. Ana cikin haka sai na ji wani dillalin shinkafa daga Kirikasamma shi ma ya fara zuwa gaisuwa, kuma shi da mota yake zuwa. Barci ya fara yi mini wuya.

Alhaji shi ne babban masunta a yankinsu. Rigimar masu koma da masu gona, rigimar wanda ya tare ruwa da wanda ya buɗe, duk a zaurensa ake kashe su. Sai dai muryarsa ta tafi. Shekara da shekaru a bakin bandar kifi, hayaƙi ya cinye maƙogwaron, in yana magana sai an matso ana cewa "na'am?" Lasifika kuma ya tsane ta, ya ce kuka take yi masa a kunne, ga ƙarar janareta. Da ambaliyar wata damina ta kwantar da tsohon zauren ƙasar, Falmata ta kira ni ta ce, "Baba zai yi sabon gini. In kana da wata fasaha, yanzu ne lokacinta."

Washegari ina durƙushe a gabansa. Na ce, "In an ba ni dama, zan zana zauren da Baba zai yi magana a hankali, na bakin ƙofa ya ji sarai. Ba lasifika, ba janareta."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Sannan ya ce, "To, mu gani."

Ga dabarar, don ku ga ba haka kawai na faɗa ba. In aka yi ɗaki mai siffar ƙwai, rufinsa a lanƙwashe, aka shafe shi da siminti sumul, to akwai wurare biyu a cikinsa, ɗaya can ciki ɗaya nan kusa da ƙofa. Duk maganar da ta tashi daga na farko, ko ta ina ta daki bango ko rufi, sai ta tattaru ta sauka a na biyu. Na sa mazaunin Alhaji a na ciki. Na biyun ya faɗo daidai inda ake tuɓe takalma, inda ƙananan mutane ke rakuɓewa. Da na gama zanen na zauna ina kallonsa, har tausayin dillalin shinkafa na ji.

Wanda aka ba ginin shi ne Malam Modu, tsohon magini, tsaran Alhaji kuma abokinsa tun suna yara. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Ɗan nan, zaure za mu yi ko tulu?"

Na yi masa bayani da manyan kalmomi.

Ya ce, "Na ji. Amma a rataya masa ko 'yan asabari ne a bango. Ɗakin da ba shi da abin da zai riƙe magana, surutu gare shi."

Na ce sam, asabari shanye sauti yake yi, ni kuma sautin nake so ya yi tafiya. A raina na ce, mutumin da ya saba da laka da makuba me ya sani.

Wata huɗu ana aiki. Da aka gama shafe, ranar gwaji ta zo, a nan ne kuma na tafka kuskuren da ba na jin wani injiniya a wata ƙasa zai taɓa yin irinsa. Ai gwaji a ƙa'ida shi ne mutum biyu su tsaya a wuraren nan biyu, su yi magana, sannan su yi musaya. To amma tun ana ginin Alhaji ya riga ya shimfiɗa buzunsa a nasa wurin, kullum da hantsi a nan yake zama yana kallon aiki. Ni da nake neman 'yarsa in je in tsaya a kan shimfiɗarsa? Ko a mafarki ƙafata ba za ta taka wurin ba. Sai na roƙi Malam Modu, tun da shi tsaransa ne, ya tsaya a can, ni kuma na tsuguna a bakin ƙofa inda na saba.

Malam Modu ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Kana jina?"

Wallahi sai da na waiwaya. Kamar a kafaɗata yake. Tsakaninmu taku ashirin ne da wani abu, amma har numfashinsa na ji. Daɗi ya kama ni, na ce a ƙasan maƙoshi, ni kaɗai, "Ka gani ko, tsoho mai taurin kai. Ga tulun naka nan."

Na hango shi daga can yana murmushi. Ya ɗaga murya ya ce, "Madalla, Injiniya! Aiki ya yi, har ya fi yadda kake zato." Na ɗauka yabo ne, na karɓa hannu biyu.

An sa walimar buɗe zauren bayan azahar, a ƙarshen damina. Na tafi da abokina Sunusi, malamin firamare, mutumin da bai taɓa ganin abinci ya kawar da kai ba. Tun asuba muka baro Haɗeja ban sa komai a cikina ba, don ina sauri. Ruwa ya yanke hanya a wuri biyu, muka bar babur muka shiga kwalekwale, mai tuƙi yana ta kutsawa cikin doguwar ciyawar kacala. Kafin mu isa, yunwa ta fara nuna mini mutum ɗaya kamar biyu. Ga ni cikin farar babbar riga wadda na ɗinka musamman, don Falmata ta ce Hajiya ta ji alamar yau Baba zai yi magana.

Zaure ya cika. Alhaji na zaune a kan buzunsa, liman a damansa, Malam Modu a hagunsa. Ni kuma na yi abin da duk ɗan mutunci zai yi a gidan surukai: na nemi wurin da ya fi ko'ina nisa da Alhaji, na rakuɓe a bakin ƙofa kusa da takalma. (Eh, na sani. Kun riga ni ganewa. Ni da na auna wurin da tef, na sa masa alama da jan biro, ni ne ban gane ba.)

Aka shigo da abinci. Tuwon shinkafa, miyar kifi tana tururi, ga soyayyiyar karfasa a faranti an yi mata barbaɗen yaji. Aka turo mini kwano, na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake." Wa ya taɓa ganin mai neman aure yana loma a gaban uban yarinya? Aka ce in daure, na ce wallahi yanzu na tashi daga kan abinci. Na yi rantsuwar ƙarya a kan yunwa, Allah Ya yafe mini. Sunusi kuwa ya naɗe hannun riga ya ci nasa, ya ci nawa, ina jin ƙamshin yana shiga har ƙwaƙwalwata.

Da aka kwashe kwanuka, Alhaji ya gyara zama ya fara jawabi. Zaure ya yi tsit. Muryar nan da ake matsowa a ji, sai ga ta tana saukowa a kunnena tas. Mutanen da ke kusa da ni suka fara kallon rufi suna salati. Wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Kai, boko ba ƙarya ba ne." Na yi murmushin tawali'u irin na wanda ya san ya gama da dillalin shinkafa.

Sai dai Alhaji da tarihi ya fara, tarihin yadda kakansa ya taso daga bakin tafkin Cadi da komarsa a kan jaki. Na san labarin. Duk wanda ya taɓa gaishe shi ya san labarin. Mutanen bakin ƙofa suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, wai za su yi alwala, har ya rage daga ni sai Sunusi a kusurwar. Cikina ya yi wani irin kuka. Sunusi ya taɓa ni da gwiwa, ya zaro baƙar leda daga aljihu. Karfasa biyu ya ɓoye, suna nan da ɗuminsu.

Na duba. Duk jama'a sun ba mu baya, Alhaji yana can nesa kamar a wata unguwa. Na juya fuskata wajen bango, na ja hannun babbar riga na yi labule da shi. Leda ta yi ƙara, ban damu ba. Karfasar ta soyu har ƙashi, irin wadda ake taunewa gaba ɗaya, ƙurus ƙurus. Ban taɓa cin abu mai daɗinta ba, kuma har yau ban sake ba.

Sunusi ya raɗa mini, "Yaushe zai gama?"

Na ce da raɗa, baki cike, "Gamawa? Ai yanzu kakan ya baro Cadi. Sai ya tsaya jinyar ƙafa a Gashuwa, sannan jakin ya mutu a Nguru. Sau huɗu ina jin labarin nan, sau huɗu jakin nan yana mutuwa, kuma kullum kifin da kakan ya kama ƙara tsawo yake. Bara kamu biyar ne, yau za ka ji bakwai."

Sunusi ya toshe baki. Ni kuwa da ciki ya fara ɗauka, sai baki ya buɗe.

"Miƙo kan nan. Wallahi Hajiya ta iya suya. Da a hannunta maganar take da tuni an wuce wurin. Shi kuwa tsohon nan sai ja mini rai yake yi, shekara guda ina goge masa bakin ƙofa da gwiwa. Ka ga zauren nan? In bai ba ni Falmata ba, da kaina zan zo da diga in sauke abina."

A nan na lura jawabin ya tsaya.

Na leƙo ta gefen hannun riga. Liman ya cusa fuskarsa cikin rawani, kafaɗunsa suna rawa. Malam Modu ya ɗaga kai yana nazarin rufi kamar yau ya fara ganinsa. Alhaji kuwa fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya yi gyaran murya ya ce wa jama'a, "To, zan taƙaita. Jakin dai ya mutu a Nguru, an ce wannan ne karo na biyar." Mutanen tsakiya suka dubi juna, ba su gane ba. Ni ma ban gama ganewa ba.

Sai ya sunkuyar da kai kamar mai jan carbi, ya yi ƙasa da murya yadda na tsakiyar zaure ba za su ji ba. Maganar ta bi rufin da na zana, ta sauko daidai kunnena.

"Injiniya. A bi kan karfasar nan a hankali, akwai ƙaya."

Ban san lokacin da na haɗiye ba. Ƙayar kuwa kamar tana jiran izini, ta tsaya a maƙogwarona a gicciye ba gaba ba baya. Na fara tari. Tarin da a wurina ƙarami ne, a wurinsu liman kamar ana sara itace. Alhaji ya tattara duk ragowar muryar da hayaƙi ya bar masa ya ce, "Jama'a, a kai wa Injiniya ruwa!"

Zaure gaba ɗaya ya waiwayo. Mutum sun fi sittin. Ga ni durƙushe ina fuskantar bango, idanu sun yi ja, hawaye na zuba, kan kifi a hannun dama, baƙar leda a cinya, man suya ya zana taswira a gaban farar rigata. Dattijon da ya yabi boko ɗazu ya dawo daga alwala, ya tsaya a kaina ya ce, "Af! Ba kai ne ka rantse a ƙoshe kake ba?"

Sunusi, Allah Ya saka masa, ya matsa gefe yana kallona da mamaki kamar bai taɓa ganina ba.

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina a cikin kwalekwale da takalmi ƙafa ɗaya nawa, ƙafa ɗaya na wani bawan Allah. Da muka yi nisa sai Sunusi ya ce, "Amma fa tsakani da Allah zauren ya yi." Na so in tura shi cikin ruwa.

Da na isa gida na tono tsohon littafina na makaranta. Ga shi nan da rubutun hannuna, har na ja masa layi biyu: hanyar da sauti ya bi ya je, ita yake bi ya dawo. A ƙasa kuma malamin ya sa mun rubuta cewa a guji rufi mai tara sauti wuri ɗaya a ɗakin taro. Ashe abin da na ɗauka fasaha, a littafin yana cikin babin kurakurai.

Washegari da yamma Falmata ta kira. Ta ce, "Me ka yi a gidanmu? Hajiya ta ce a gaya maka ta gode da yabon suya. Baba kuma ya aika a tambayo masa kuɗin diga a kasuwar Guri." Na kashe wayar. Mako uku ban taka hanyar ba. Na rame. Duk motar da na gani ta nufi gabas sai in ga kamar dillalin shinkafa ne da goron sa rana.

A mako na huɗu Malam Modu ya shigo ofishina, ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Ya ce, "Tsoho mai taurin kai ne ya zo gaishe ka."

Na rufe fuska da hannu biyu. Na ce, "Baba Modu, tun ranar kun ji? Me ya sa ba a gaya mini ba?"

Ya ce, "Kai ne injiniya. Ni laka na sani. Tashi, Alhaji na kira."

Na tsaya a kasuwa na sayi asabari guda shida, na ɗaura a babur. Na yi niyyar in an kore ni, aƙalla in rataya su a bango in kashe abin kunyar da na gina. Muka tarar da Alhaji shi kaɗai a kan buzunsa. Na durƙusa a wurina, don ba ni da wani wurin. Na fara ba da haƙuri, na ce ga asabari na kawo, in aka rataya su magana ba za ta ƙara zuwa daga ƙofa ba.

Bai ɗaga murya ba, ba ya bukata. Ya ce, "Ka mayar da kayanka. Shekara talatin ina sasanta mutane, abin da suka ga dama su faɗa a gabana shi kaɗai nake ji. Shekaranjiya aka kawo mini rigimar wata fadama, tun suna tuɓe takalma na san mai gaskiya. Wanda ya taɓa bangon nan ni da shi ne."

Na ce, "To, Baba."

Ya ce, "Kai kuma shekara guda kana zuwa nan. Ba ka ci, ba ka sha, ba ka gajiya, duk abin da na faɗa ka ce haka ne. Na rasa wa zan ba 'yata, mutum ko hoto. Ranar nan na ji muryarka. Ba ka da kunya kamar yadda kake nunawa, kuma ba ka iya cin kifi ba. Amma wanda zai rushe ginin wata huɗu saboda Falmata, ina jin zai riƙe ta." Sannan ya ce, "Ka turo magabatanka. Kifin kakana kuwa kamu bakwai ne, bara mantuwa na yi."

Na fashe da kuka a wurin, ba kunya. Ina ƙoƙarin danne shi, sai na tuna ba amfani, duk yana isa.

Yau shekararmu shida da Falmata, da 'ya'ya biyu. Kuma tun da suruki ba ya matsawa kusa da surukinsa, wurin zamana a zauren nan bai canza ba, ba kuma zai canza ba har abada. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin cin moriyar abin. Wata Sallah na sunkuya wajen Sunusi, na raɗa masa da gangan cewa ni dai ban taɓa ganin dattijo mai hikima da adalci irin Baba ba. Daga can ƙarshen zaure, ko kai bai ɗago ba, amsa ta sauko mini a kunne: "Injiniya, na ranar walima ya fi kama da gaskiya."

Tun daga nan na haƙura. Abin da na koya, wanda ba a rubuta a littafin makaranta ba, shi ne in za ka gina wa babba hanyar da maganarsa za ta iso gare ka, ka fara tsayawa a inda yake zama ka ji abin da ke isa gare shi. In kuwa kunya ba za ta bar ka ka taka wurin ba, to ka ci abincinka a gida, ka kuma rufe bakinka tun daga bakin ruwa.